Waƙar Sak da Kunnen Mai Zaɓe: Sharhi Kan Waƙoƙin Rarara

Duk wanda ya zauna a Malumfashi a kakar zaɓen 2015 ya san yadda "Masu Gudu Su Gudu" ta cika tasha da shagon caji da majalisar shayi. Mai waƙar, Dauda Kahutu Rarara, ɗan gida ne, daga Kahutu ta ƙaramar hukumar Danja. Maganar gwaninta kuwa ba a ja da shi. Amshinsa gajere ne mai kama baki, zambonsa na tafe da raha, har wanda aka yi dominsa kan tsinci kansa yana kaɗa kai.

Inda nake da ja shi ne jigo. A duniyar waɗannan waƙoƙi mutane iri biyu ne kawai: namu da maƙiya. Babu gurbin mutum na uku, wato manomin da ke son ya ji farashin taki da batun tsaron gonarsa kafin ya dangwala. Waƙar ba ta lallashinsa da hujja, kunya take ba shi. Wannan shi ne ruhin "sak": daga sama har ƙasa jam'iyya ɗaya, ko wa ta tsayar. Alhali dillalin masara ma ba ya biya sai ya zura hannu cikin buhu. Yaushe ƙuri'a ta zama cinikin biri a sama?

Abin lura, masu neman biyayyar ba su ɗaure kansu da ita ba. Aminu Bello Masari, wanda ya wakilci Malumfashi da Kafur, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a PDP daga 2003 zuwa 2007, ya nemi gwamna a CPC a 2011, ya samu a APC a 2015. Rarara kansa, bayan saukar Buhari a 2023, ya fito gaban 'yan jarida ya ɗora masa laifin halin da ƙasa ta shiga. Ban ga aibin sauya ra'ayi ba. Aibin shi ne a halatta wa manya, a kira talaka butulu in ya gwada.

Haka muke yi da bakin 'yan waje. Buhari ya je Chatham House a Landan a 2015, Tinubu ya je a 2022, magoya baya suka yi ta tinƙaho cewa duniya ta saurari gwaninsu. Da masu sa ido na Tarayyar Turai suka fitar da rahoton da ya soki zaɓen 2023, sai fadar shugaban ƙasa ta yi fatali da shi. Ashe Baturen ma maroƙi muka ɗauke shi: in ya yaba mu yi masa liƙi, in ya kushe mu ce katsalandan ne. Ba cewa nake maganarsu wahayi ce ba, su ma suna da buƙatunsu. Amma ana auna magana ne da abin da ta ƙunsa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya nuna hakan: ranar rantsar da shi a 2007 ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kuma kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais domin gyara.

Da alama masu sauraro sun riga mawaƙin gaba. A 2023 Atiku na PDP ne ya ci jihar Katsina da 'yar tazara, bayan makonni uku kuma jihar ta ba Dikko Raɗɗa na APC gwamna. Mutane sun taka rawar kiɗan, amma a rumfar zaɓe sun yi nasu lissafin. Wannan mai zaɓen, wanda ke jin Rarara da rana ya kama BBC da daddare sannan ya yanke wa kansa hukunci, har yau ba a yi masa waƙa ba. Mawaƙin da zai yi ta, sai ya haƙura da kyautar mota.