Randar da ba ta sanyaya ruwa

Masu tsara baje kolin tukwanen hannu sun shigo da wani yayi da bai kwanta mini a rai ba: a ɗora tukunya ita kaɗai a kan farin dandamali, a haska mata fitila, a kafa allon hana taɓawa. Ta yi kyau a hoto kam. Sai dai duk wadda ta taɓa sayen randa a kasuwa ta san ido ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ƙwanƙwasawa ake yi, a saurari amo, a ji ko ta gasu ko da tsaga a ɓoye.

Dubi aikin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Da hannu ta ci gaba da gina randunanta irin na Gwari, tana zana musu kunama da ƙadangare da kifi. Yumɓun ne ya canza, da gashin, aka kuma shafe su da ƙyalli mai kama da gilashi. Randa kuwa tsatsafowa ce ke sa ta sanyaya ruwa. Da ƙyalli ya toshe ƙofofin yumɓu, sai ta yi nauyi, ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan kallo. Wannan shi ne labarin da ya fi daɗin ji, kuma farin dandamali ba ya ba da shi.

Ba na raina abin da aka cimma. Baje kolin da Jareh Das ta tsara a Two Temple Place da ke Landan a 2022 ya haɗa Ladi da Magdalene Odundo, wadda ta je Abuja koyo a 1974, ya kuma fito da magina mata da sunayensu. An daɗe ana rubuta sunan ƙabila kawai a gindin aikin mace guda, kamar gari ne ya taru ya gina.

Abin da nake nema ba shi da tsada. A ajiye randar gashin kara kusa da mai ƙyallin, a rubuta sunan maginiyarta da garinsu, a cika ta da ruwa, a kawo moɗa. Idan ta fashe, an san inda za a sayo wata, kuɗin kuma hannun maginiya zai shiga.