Marsiyyar Nana Asma'u da Abin Koyi a Cikinta

Mutuwa rigar kowa ce. Duk wanda Allah ya ba shi sanin karatu da rubutu, wata rana 'yan'uwa za su miƙa masa alƙalami, su ce ya rubuta wani abu a kan mamacinsu. A nan ne mutum ya kan rasa ta inda zai fara, gama baƙin ciki ya kan ɗaure harshe, ƙauna kuwa ta kan ja mutum zuwa ga ƙarin gishiri. Wanda ya shiga wannan hali ya kamata ya dubi yadda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi nata.

An haifi Asma'u a Ɗegel cikin 1793, ta rasu a Sakkwato cikin 1864. Allah ya yi mata tsawon rai har ta ga rasuwar mafi yawan waɗanda ta ke ƙauna, ta kuwa yi wa da dama daga cikinsu marsiyya, wato waƙar makoki, waɗansu da Larabci, waɗansu da Fulatanci, waɗansu da Hausa. Cikin 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara waƙoƙinta cikin littafi guda.

Abu na fari da za a yaba mata shi ne ba ta ɓoye ɓacin zuciyarta ba. Sa'ad da aminiyarta A'isha, matar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta rasu, Asma'u ta faɗi kaɗaicinta da hawayenta a fili. Ba ta kuwa ƙetare iyaka ba, domin shari'a ba ta hana zub da hawaye ba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hawaye ran da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kururuwa da yage tufafi su ne aka hana.

Abu na biyu shi ne irin yabon da ta zaɓa. Bello ɗan'uwanta ne, ya rasu a Wurno cikin 1837, bayan ya yi shekara 20 kan mulki. Da maroƙi ne, da sai a ji kirari da lissafin dawaki da garuruwan da aka ci. Ita kuwa ta fi ba da ƙarfi ga iliminsa da tsoron Allah da adalci da kyautata wa talakawa. Da haka waƙar ta zama ma'auni ga wanda duk ya hau gadon a bayansa.

Abu na uku, ba manya kaɗai ta yi wa marsiyya ba. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, ba don sarauta ko dukiya ba, sai don kirkinta ga maƙwabta da riƙon zumunci. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajin 'Yan Taru, masu jagorar matan ƙauye zuwa wurinta neman sani. Ba domin waɗannan waƙoƙi ba, da sunayen bayin Allah nan sun ɓace tuni.

Amma fa kowane gwani da inda ya ke taƙaitawa. Akwai wuraren da ta kan jera halaye nagari, haƙuri da kyauta da ibada, har mai sauraro ya kasa rarrabe wannan mamaci da wancan. Waƙarta ta fi shiga zuciya a inda ta ambaci wani aiki wanda mamacin ya keɓanta da shi. Gaskiya ne nufinta wa'azi ne ga masu rai, duk da haka wa'azi ya fi kama jiki idan an ga fuskar mutumin da a ke misali da shi.

Saboda haka mai rubuta labarin mamaci ya faɗi sunansa da garinsa da ranar rasuwarsa daidai. Ya kawo aiki ɗaya ko biyu waɗanda mutane suka gani da idonsu, ko rijiyar da ya haƙa, ko marayan da ya riƙe. Kada ya ɗora masa halin da ba nasa ba, gama waɗanda suka zauna da shi su ne za su karanta, ƙarya kuwa ba ta amfanin na kabari. Aibinsa a rufe, kamar yadda addini ya hora. Sa'an nan ya cika da roƙon gafara da rahama, yadda Asma'u ta saba cika nata. Allah ya ji ƙan magabata, ya kyautata ƙarshen na baya, amin.