Soyayya da zullumi a ƙagaggun labaran Hausa: nazari kan karatun wata malama a Tasawa

1. Gabatarwa

Wannan takarda ta samo asali ne daga hirarrakin da muka yi da wata malamar lakkwal, haifaffiyar wani ƙauye na gundumar Mayahi, wadda take koyarwa a garin Tasawa, cikin jihar Maraɗi. Aikin da ya kai mu wurinta shi ne tattara bayanai kan karin harshen yankin. Da muka roƙe ta ta karanta mana wani rubutu da babbar murya domin mu naɗi muryarta, sai ta ajiye takardar da muka miƙa mata, ta ɗauko wani littafin soyayya na Kano, ta ce da shi bakinta ya saba. Daga nan hira ta koma kan irin littattafan da take karantawa, waɗanda take so, da waɗanda suka fara gundurar ta.

Manufarmu a nan ita ce mu duba abu guda: yadda waɗannan labarai suke riƙe mai karatu cikin zullumi, wato abin da ake kira suspense da Faransanci, da kuma rawar da nahawun Hausa yake takawa wajen haka. Za mu kuma faɗi inda muke ganin marubutan sun gaza, domin tarke ba ya cika da yabo kaɗai.

2. Littattafan da hanyar da suke biyowa

Labarin soyayya mai haɗe da haɗari tsohon abu ne a rubutun zube na Hausa. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930, labari ne na saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, ya shiga duniya neman abin ramuwa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Bayan haka ne marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, galibi a Kano: Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu tsakaninsa da masu kare shi irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. A 2007 har an ƙona wasu daga cikin littattafan a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Duk wannan muhawara a Nijeriya aka yi ta, ba a kuma cika tuna masu karatu na wannan gefen iyaka ba. Amma littattafan sun daɗe suna ƙetarowa cikin kayan ƴan kasuwa, ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, daga can su bi babbar hanyar Damagaram su sauka Tasawa, a yi ta aron su daga gida zuwa gida har bangon ya yage. A ƴan shekarun nan salula ta karɓi aikin: marubuta suna sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, wasu kuma suna karanta shi a naɗa a sa a YouTube.

Malamar da muke magana a kai da Faransanci ta koyi karatu, kamar mu. Tana kwaleji ta karanta littattafan Harlequin, da na jerin Adoras da aka fara bugawa a Abijan a 1998. Babu wanda ya zaunar da ita ya koya mata karatun Hausar boko. A littattafan soyayya ta koya da kanta, domin tana so ta san yadda labarin zai ƙare. Wannan batu za mu komo kansa a ƙarshe.

3. Son sani da zullumi

A cikin nazarinsa kan labaran bincike na 1966, wanda aka sake bugawa cikin Poétique de la prose a 1971, Tzvetan Todorov ya bambanta hanyoyi biyu da labari yake jan ran mai karatu. Ta farko son sani ce: an ga gawa, ana neman wanda ya yi kisan, wato ana tafiya daga sakamako zuwa sanadi. Ta biyu zullumi ce: an ga sanadin, ana jiran abin da zai haifar. Wannan rabe-rabe ya taimaka mana wajen fahimtar wata magana da malamar ta yi, da ta kwatanta Rebecca na Daphne du Maurier (1938), wanda ta karanta da Faransanci, da littattafan Kano. Ta ce a Rebecca amarya tana zaune da kishiyar da ta mutu, kuma abin da ya hana ta barci shi ne ba ta san wane irin mutum ta aura ba. A littattafan Kano kuwa, in ji ta, an san kowa tun shafin farko, abin da ba a sani ba shi ne ko za a ɗaura auren.

Muna ganin ta taɓa gaskiya, aƙalla ga littattafan da muka ambata. A In Da So Da Ƙauna mai karatu ba ya shakkar halin Muhammad, matalaucin da Sumayya take so, ya kuma san Abdulƙadir mai dukiya ne manyanta suka fi karkata gare shi. Babu wani ɓoyayyen sirri da ake tonowa. Abin da yake riƙe mai karatu shi ne ranar aure tana matsowa, har Sumayya ta faɗa rijiya. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga Sarkin Noma, tsohon da ba ta so, zullumin kuma shi ne ko za ta kuɓuta. Ke nan haɗarin daga cikin gida yake fitowa, daga uba, ko kaka, ko kishiya, wato mutanen da tauraruwa ba ta da ikon kai su ƙara, ba ta kuma iya ƙin gaishe su da safe.

Ga mai karatu na Tasawa ko Mayahi wannan zullumi ya wuce wasan marubuci. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, jihar Maraɗi kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi yawa. Malamar ta gaya mana cewa idan tana karanta labarin Abu, ɗalibanta take gani, waɗanda ake komowa daga babban hutu a tarar da mazauninsu babu kowa.

4. Nahawun zullumi

A nan ne ilimin harshe yake da abin cewa. Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu: na ɗaya (mun, kun, sun, an) da na biyu (muka, kuka, suka, aka). Na biyun ne yake jera aukuwar abubuwa ɗaya bayan ɗaya, aikinsa ya yi kama da na passé simple a abin da Émile Benveniste ya kira histoire. Na ɗayan kuwa yana bayar da abin da ya riga ya kammala. Misalan da ke ƙasa namu ne, ba daga wani littafi muka ciro su ba:

(1) Ta tashi, ta ɗauki gyale, ta buɗe ƙofa a hankali, ta leƙa zaure.

(2) Tana cikin ɗaure kayanta sai ta ji an taɓa ƙofa.

(3) Ashe an ɗaura auren tun da hantsi.

A (1) gajerun jimloli na shuɗaɗɗen lokaci na biyu suna bin juna, kowace tana sa a jira ta gaba. A (2) lokaci mai ci ya shimfiɗa fage, sai kuma ta katse shi. A wannan gurbi ne amsa-kama irin su kwatsam, wuf da zumbur suke shigowa. A (3) ashe ta jawo shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, mai karatu ya gane cewa duk gudun da ake yi a (1) an makara. Marubucin da ya iya jinkirta ashe har ƙarshen kashi na ɗaya ya riga ya sayar da kashi na biyu.

To amma ƙa'idar rubutu tana ɓoye wani ɓangare na wannan tsari. Da yake ba a nuna tsawon wasali da karin sauti, harufan ta suna ɗauke da abu uku: taa mai dogon wasali ta shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, ta gajera mai karin sama ta na biyu, da ta gajera mai karin ƙasa ta umurni ko buƙata. A duba wannan:

(4) Ya ce ta sha.

Idan taa ce, tauraruwa ta riga ta sha abin da ke cikin kwanon. Idan mai karin ƙasa ce, umurni aka ba ta, bakinta bai kai ga kwanon ba tukuna. A labarin da aka zuba magani cikin fura, rai da mutuwa suna tsakanin waɗannan karatu biyu, alhali a takarda babu bambanci. A Nijar an taɓa rubuta dogon wasali da harafi biyu, bisa shawarar taron Bamako na 1966, daga baya aka bari domin daidaitawa da Nijeriya.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda malamar take warware wannan idan tana karanta wa matan gidansu. Idonta yana kan Hausar Kano, bakinta yana fitar da tata. Suka ta koma sunka, jimla ta (1) kuma ta zama tat tashi, taɗ ɗauki gyale, tab buɗe ƙohwa, da ninka baƙin farko na aikatau kamar yadda ake ji a Gobir da Adar da Sakkwato. Wato karin harshenta yana fito da alamar shuɗaɗɗen lokaci na biyu a fili inda rubutu ya shafe ta, kuma tana yanke hukunci kan kowace ta kafin ta furta ta. Haka take yi da kalmomin aro: asibiti ya koma likita, lauya ya koma aboka, ofis ya koma biro, naira kuma ta juye zuwa jikka domin masu saurare su san nauyin sadakin. Wannan karatu fassara ce tsakanin kare-karen harshe guda, wadda ta cancanci nazari na musamman.

5. Inda littattafan suka gaza

Malamar ba ta ɓoye mana cewa ta fara gajiya da wasu ba, mu ma mun yarda da ƙorafinta a wurare biyu.

Na farko ya shafi warwarar ƙulli. Sau da yawa marubuci yakan kai tauraruwa bakin rami da basira, sannan ya rasa yadda zai fitar da ita, sai ya kira haɗarin mota, ko gobara, ko ciwon ajali su kawar da azzalumi. Ko Alhaki Kwikwiyo Ne, wanda muke ɗauka cikin mafi ƙarfin waɗannan littattafai, da gobarar kasuwa ya karya Alhaji Abdu. Sai dai a can Rabi ta riga ta tsayu da ƙafafunta ta hanyar sana'ar abinci kafin gobarar, kuma komawar da aka matsa mata ta yi ga mijin ba ta zo da daɗin da mai karatu yake jira ba, don haka littafin ya tsira. Masu kwaikwayo sun ɗauki gobarar sun bar Rabi. Ana iya cewa wannan salo ya dace da imanin masu karatu cewa alhaki ba ya barin mai shi, kuma ba mu musa ba. Amma yarinyar da take neman dabara a littafi, abin da take samu shi ne ta yi haƙuri har mota ta kife da wani.

Na biyu ya shafi labaran salula. Da yake ana sakin shafukan farko kyauta, sauran sai an biya, kowane shafi dole ya ƙare da fargaba. Sakamakon haka kwatsam ta yi yawa har ta daina razana kowa, ana suma ana farfaɗowa, labarin da zai ƙare a kashi biyu ya kai inda mai karatu ya manta mafarinsa. Malamar ta ce akwai waɗanda ta bari a tsakiya, ba ta kuma damu ta san ƙarshensu ba. Ga labarin zullumi babu hukuncin da ya fi wannan tsanani.

6. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa jan ran waɗannan littattafai zullumi ne a ma'anar Todorov, cewa tushensa ikon da dangi suke da shi kan auren ƴa mace, kuma cewa an gina shi da kayan nahawun da rubutu ba ya nunawa duka. Mai karatu ɗaya ba ta isa a kafa ƙa'ida a kanta ba, don haka muna ba ɗalibanmu shawara su naɗi irin wannan karatu na babbar murya a Tasawa, Mayahi da sauran garuruwan jihar, su kwatanta shi da rubutun kalma da kalma.

Akwai kuma abin da ya shafi sashenmu kai tsaye. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da ake so a karanta yana buƙatar abin karantawar da mutum zai nema da kansa. Malamar nan ta koyi karatun Hausa ba tare da aji ba domin tana so ta san ko Sumayya ta fito daga rijiya da rai. Muna ganin ya kamata ɗakin karatunmu ya tattara waɗannan littattafai kafin su ƙare da yagewa, a sa wasu cikin darussan tarke, a kuma ƙarfafa wa marubutan Nijar gwiwa su rubuta nasu, da likita da biro da jikka, domin mai karatu ta Mayahi ta huta da juya kowace jimla kafin ta furta ta.