Hoton Marubuci A Bangon Littafi: Shaida Ce Ko Ado?

Cikin watannin nan littattafai uku suka zo hannuna daga matasan marubutanmu, ɗaya daga nan Ƙanƙara, ɗaya daga Faskari, na ukun kuma daga Sabuwa, kowanne da roƙon in duba in yi sharhi. Sharhin abin da ke ciki yana nan tafe in Allah ya yarda. A yau bangon baya nake son mu tsaya a kai, domin kafin in karanta ko layi ɗaya sai da marubutan nan uku suka riga suka yi mini magana da fuskokinsu, kuma biyu daga cikinsu ba gaskiya suka gaya mini ba.

Na farko labarin wani manomi ne da aka raba da gonarsa, labari mai ban tausayi ƙwarai, an kuma rubuta shi da Hausar ƙauye mai daɗi. Amma da na juya bango sai na ga marubucin ya jingina da wata zungureriyar mota, ya sha babbar riga da baƙin tabarau, waya biyu a hannu. Na san yaron, na koyar da shi, na kuma san motar ba tasa ba ce, kai har rigar ma ina zaton ta aro ce. Na biyu waƙoƙi ne na wa'azi, sai dai an bi fuskar mai su da manhajar gyaran hoto har ta yi fari fat, kamar ba ɗan Faskari ba. Na uku, na wata baiwar Allah, ba hoto ko kaɗan, sai suna da layi biyu na tarihinta. Ita kaɗai ce ban kama da laifi ba.

Wani zai ce, Malam, ina ruwan manazarci da hoto, ai ba ya cikin jigo ba ya cikin salo? A nawa ganin yana ciki. Duk abin da marubuci ya yarda aka buga tsakanin bango da bango maganarsa ce, kuma za a auna shi da ita. Wanda ya rubuta kukan talaka sannan ya fito a bango da kamar ɗan kwangila, ya rushe da hannun hagu abin da ya gina da na dama.

Mu da muka yi sakandare a shekarun 1990 mun san amfanin hoton kirki. Littattafan da muka gada daga kamfanin NNPC na Zariya, irin su Magana Jari Ce, sunan kamfanin da na Abubakar Imam sun ishe su shaida. Amma da marubutan Kano suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu, ba su da wani kamfani da zai tsaya musu, sai suka tsaya wa kansu. Littattafan ƙungiyar Raina Kama da dama sun fito da jerin sunayen littattafan 'yan ƙungiya da kuma hoton shugabanninta, ciki har da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Hoton baƙi da fari ne, bugun ma ba wani na a zo a gani ba, da ƙyar kake rarrabe fuska. Duk da haka ya yi aikin da aka sa shi. A lokacin da ake ta musu a jaridu kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, har namu na Faskari, Ibrahim Sheme, yana cikin masu mayar da martani, hoton nan cewa yake yi: ga mu, mutane ne sanannu masu unguwa da dangi, ba mu ɓuya ba, wanda ke da magana ya zo. Sunan ƙungiyar ma daga karin maganar nan ne, raina kama ka ga gayya. Yau kuwa an juya abin, kama ta cika ido, gayyar ce babu.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake haka ba. A 1855 mawaƙin Amurka Walt Whitman ya fitar da littafinsa ba tare da sunansa a shafin take ba, sai zanen kamanninsa cikin tufafin leburori, wuyan riga a buɗe, hula a karkace. Da gangan ya yi, domin waƙoƙin na talakawan ƙasarsa ne, kuma hoton ya dace da su. Shi ma shiri ya yi wa hoton, ban musa ba, amma shirin bai saɓa wa littafin ba. Iyakar abin da nake nema ke nan wurin matasanmu.

Akwai kuma abin da ya fi adabi nauyi, wanda marubucin Kano ko Kaduna ba lalle ya damu da shi kamar mu ba. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, duk wanda ke wannan yanki ya san mene ne a san fuskarka a kuma yi maka zaton kuɗi. Fostar ƙaddamar da littafi da aka manna a tasha da bakin kasuwa ba masu karatu kaɗai ke kallonta ba. Yaron da ya ari mota ya yi hoto, ya sani cewa wanda zai yi masa lissafin dukiya ba zai tambayi mai motar ba. Wanda kuma littafinsa ya taɓo 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, ya yi shawara da iyayensa kafin ya sa fuskarsa. Rashin hoto a nan ba tsoro ba ne, kuma kada ƙungiya ta matsa wa kowa a kan sai ya kawo.

Haka nan 'yan'uwanmu mata. Da yawa suna rubutu da laƙabi irin su Maman wane ko Ummu wance, wasu don kunya, wasu don sharaɗin gida, kuma hakan bai rage wa labari komai ba. Masu son fitowa su ma hakkinsu ne. A 2016 wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Glenna Gordon, ta fitar da littafi guda na hotunan marubuta mata na Arewa, waɗanda suka yarda aka ɗauke su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsinto hoton wata yarinya a Facebook, ba saninta ba izininta, a manna a bango har mai saye ya ɗauka ita ce marubuciyar, ko ita ce fitsararriyar da ke cikin labarin. Wannan zalunci ne, ko da bangon ya yi kyau.

Ga wanda ya yanke shawarar sa hoto, abin ba wuya. Ka sa tufafin da mutanen garinku suka san ka da su, a ɗauke ka da safe a inuwa, haske na gabanka ba bayanka ba, daga ƙirji zuwa sama. A bar tagumin nan da riƙe biro a haɓa, mun gaji da shi. Kada ka tura wa maɗaba'a ta WhatsApp yadda ake tura hoton biki, don yana matse shi, in an buga a takarda mai arha sai fuska ta koma dunƙulen tawada. Ka kai ainihinsa, ka kuma ce sai ka ga gwaji kafin a buga dubu. Hoton kuma ya zama na shekarun nan. Na taɓa zuwa taron marubuta a Katsina ina neman wani saurayi da na sani a bangon littafi, ashe dattijon da ke zaune kusa da ni tun safe ne.

Shi kuwa ɗalibina mai motar aro, na aika masa cewa in zai sake bugu ya je gonar mahaifinsa a ɗauke shi a can. Ya amsa da cewa kwafi 500 na farko ba su ƙare ba tukuna.