Riƙon Yaro Har Ya Zama Mutum: Nazari a Kan Hanyar Ikilisiya

Malaman tarbiyya na kowane addini sun haɗu a kan cewa babu lokacin da ya fi hatsari a rayuwar ɗa namiji kamar 'yan shekarun nan da ke tsakanin balagarsa da ranar da zai iya riƙe kansa, domin a nan ne ƙarfin jiki yake riga hankali isowa, uwa ta fara jin nauyin tsawata masa, shi kuwa uban, in ma yana raye, neman abinci ya ɗauke shi tun asuba sai bayan lisha. A da, baffa da kawu da ubangidan sana'a da malamin zaure su ke toshe wannan kafa. Amma da birni ya bunƙasa, zumunci ya yi rauni, sai majalisar 'yan daba da dillalin ƙwaya suka gaji aikin. Kiristocin ƙasar nan suna da tasu daɗaɗɗiyar hanya ta riƙon irin waɗannan yara, wadda ta cancanci a auna ta da ma'aunin adalci, don kuwa darasin da ke cikinta bai keɓanta ga mabiya addini guda ba.

Asalin al'amarin a ƙasar Hausa yana komawa ne ga farkon zamanin Turawa. Yayin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a nan Nasarawa ta Kano a 1909, 'ya'yan sarakuna da malamai aka fi kawo masa, alhali kuwa Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, abin da ya samu shi ne bayin da aka 'yanta, da marayu, daga baya kuma 'ya'yan Isawa. Hanyarsa ita ce mulazama: yaro yana kwana a gidan, yana ci a gidan, malaminsa yana ganin tashinsa da kwanciyarsa shekara da shekaru. Daga wannan makaranta, da al'ummar Wusasa da ta tsiro daga gare ta bayan an fitar da mishan daga cikin ganuwa, aka sami Dokta Barau Dikko, likitan farko na Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966, da Janar Yakubu Gowon. Natijar ba ta musantuwa. Sai dai an saye ta da tsada, domin iyaye Musulmi sun ɗauki makarantar a matsayin ƙofar barin addini, suka janye 'ya'yansu, waɗanda suka shiga kuwa da yawansu sun yi nisa da danginsu, har amfanin ya taƙaita ga 'yan gidaje ƙalilan.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883 bayan ya ga samari sun gagari malaman makarantar Lahadi, ta iso Ikko a 1908, ta kuma bazu cikin majami'un Arewa. Wanda ya taɓa ganin faretinsu a Sabon Gari ya san yadda abin yake: yara cikin kaki mai duhu da ɗamara da hula, ana kaɗa ganga ana busa begila, hafsa yana bin sahu yana duban takalmi da farce, wanda ya yi latti a tsayar da shi gefe, wanda ya ƙware a ɗaura masa igiya a ba shi ƙanana ya jagoranta. Hikimar da ke ciki ita ce, abubuwan da ke jan saurayi zuwa daba, wato son zama cikin ƙungiya, da son a ga jaruntakarsa, da son samun babba da zai yi wa biyayya, su ne aka ba shi ta hanyar da ba ta zubar da jini. Illarta kuwa guda biyu ce: haɗuwar ta 'yan sa'o'i ce a mako, kuma yaron da take samu galibi wanda iyayensa suka riga suka kawo majami'a ne, ba wanda ke kwana a tasha ba.

Wannan illa ta biyu ita ce limaman baƙar fata na Amurka suka fuskanta ido da ido. A 1992, bayan 'yan daba sun kutsa cikin wata majami'a a Boston ana tsakiyar jana'iza sun daddaɓa wa wani saurayi wuƙa, fastoci irin su Eugene Rivers da Jeffrey Brown suka yanke shawarar daina jiran yara su zo, suka riƙa fita cikin dare suna zaga unguwannin da ake jin tsoro, suna saurare kafin su yi wa'azi. Kashe-kashen samari ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo, ko da yake 'yan sanda ma suna da nasu kason a ciki. A Philadelphia kuma, tun daga 2000, shirin Amachi, a ƙarƙashin tsohon magajin garin Wilson Goode, ya riƙa nemo mutane daga majami'u yana haɗa kowanne da yaro guda daga cikin 'ya'yan fursunoni. Binciken da aka buga a 1995 a kan wani shiri mai irin wannan tsari, Big Brothers Big Sisters, wanda ya shafi yara kusan dubu, ya nuna cewa waɗanda aka ba su babban da ke kula da su sun fi sauran kuɓuta daga fara shan ƙwaya da kashi 46 cikin ɗari. Da aka sake bin alƙaluman, sai aka ga cewa wanda ya fi amfana shi ne wanda aka riƙe fiye da shekara, wanda kuwa aka saki kafin wata uku ya koma baya fiye da inda aka same shi.

Idan aka tattara waɗannan hujjoji, hukuncin a bayyane yake: abin da ke gyara saurayi ba yawan wa'azi ba ne, ba kuma tsananin horo ba, a'a, daɗewar suhuba ce da mutumin kirki wanda ba ya saɓa alkawari, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shi ya sa sarƙa da mari, waɗanda aka bankaɗo muninsu a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019, ba su haifar da komai ba face ƙiyayya. Shi ya sa kuma hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, ko ajiye yaro 'yan watanni a cibiyar gyaran hali ta Kiru, ba za su wadatar ba muddin ranar da ya fito babu mai tarbarsa. Sharuɗɗan riƙo nagari uku ne: ya ɗore, ya kai yaro ga sana'ar da zai ci abinci da ita, kuma a yi shi da sanin iyaye ba tare da an taɓa addinin yaro ba, wanda a gari irin Kano shi ne ginshiƙin amana.

Mazauna Nasarawa, Musulminsu da Kiristansu, Allah ya hore musu ilimi da wadata, kuma samarin da ake magana a kansu suna bakin ƙofofinsu, suna wankin mota, suna goge gilashi a danjar titin Audu Bako. Sadakar naira ɗari ba ta sauke wannan nauyi. Kowane magidanci ya ɗauki yaro guda, ya san sunansa da na mahaifinsa, ya kai shi wurin kafinta ko makaniki ko makaranta, ya riƙa bin sawunsa mako-mako. Wanda kuma ya san ba zai iya jure shekara ba, to, kada ya fara.