Gaskiya da Ƙarya a Fim ɗin The Truman Show: Tarken Kwance Saƙa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ɗora fim ɗin The Truman Show, wanda Peter Weir ya shirya a Amurka a 1998, bisa ma'aunin masanin Faransa Jacques Derrida. Wannan hanyar tarke muna kiranta kwance saƙa, wato mai nazari ya nemo kishiyoyi biyu da aka saƙa labari a kansu, sa'an nan ya nuna inda labarin ya warware kansa.

2.0 Zubin Labari

Truman ya tashi a garin Seahaven bai san cewa garin dandalin wasan talabijin ne ba. Matarsa da amininsa duk 'yan wasa ne, Christof ke juya su, duniya tana kallo. Daga ƙarshe ya shiga jirgin ruwa, ya ci karo da bangon da aka zana sararin sama a jikinsa, ya fice ta wata ƙofa. Jigon fili shi ne: ciki ƙarya, waje gaskiya.

3.0 Inda Saƙar ta Kwance

Da farko, ba a nuna mana abin da ke bayan ƙofar ba sai duhu. Mutanen wajen kuwa galibinsu a gaban akwatin talabijin muke ganinsu, kuma da shirin ya ƙare, masu gadi biyu suka shiga neman wani. Na biyu, sa'ad da aka haɗa Truman da ubansa na bogi, Christof ne ya umarta a sa kiɗa don a motsa zukata, amma hawayen Truman na gaske ne. Ashe ƙarya ta haifi gaskiya. Na uku, da irin wannan kiɗan Weir ya kama mu.

Abin bai tsaya ga Amurka ba. A kasuwar Maigatari ko gidajen kallo na Gumel, wanda ya ce Rabilu Musa sai ya ƙara da Ibro kafin a gane, haka Usman Baba Pategi da Samanja. Sunan wasa ya haɗiye na yanka.

4.0 Kammalawa

Mai tatsuniya yakan rufe da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryarsa, yara su watse sun san iyakar wasa. Talabijin ba ta da ƙurunƙus. Saboda haka muna ganin wajibi ne kwalejojin horon malamai su koyar da tarken hoto kamar yadda suke koyar da tarken waƙa da zube.