Sai Sitonki, Uwargidan Yako!

Ni dai na sallama wa matan Yako. Duk mai son ya san abin da ya kamata gida ya tanada don kada tukunya ta kwana ba a ɗora ta ba, ya nufi ƙasar Kiru, ya yi sallama a gidan manomi, ya roƙi uwargida ta buɗe masa sitonta. Tubarkalla! Ba firji, ba janareta, ba jiran a kawo wuta, amma abin da ke cikin tukwanen nan da gwangwanaye da ƙullin leda zai riƙe gida daga wannan kaka har wata kakar.

Hatsi ba sai an tsaya dogon bayani a kansa ba. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, shi ya sa daga Kwanar Dangora ka miƙa Tudun Wada har Doguwa, masara ce da dawa iya ganinka, kuma wani kaso na abin da ake jibgewa a Dawanau daga nan ake loda shi. Mai hankali yana sayen nasa da kaka, lokacin da tiya take araha, ba ya bari sai marka ta kankama a watan Agusta rumbu ya yi ƙasa. Daga buhun masara guda ake fitar da garin tuwo, da tsakin fate, da na dambu. To, wannan kowa ya san shi. Abin da ya sace mini zuciya yana kan kanta, a cikin ƙananan mazubai.

Garin kuka! Allah ya yi wa wanda ya fara shanya ganyen nan albarka. Matan yankin ba sa baza shi a tsakar rana, a inuwa suke shanya shi don kada korensa ya gudu, sannan a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi. In kin buɗe murfin kika ga ya yi kore shar, ƙamshin ganye ya bugi hancinki, to kin dace. Wanda ya koma ruwan ƙasa kuwa rana ta cinye shi, ko kuma ya shekara biyu a buhun ɗan kasuwa. Cokali uku kacal, a kaɗa da maburgi, mutum goma sun sami abin cin tuwo. Ga shi ba a miya kaɗai ya tsaya ba, shi ne ke riƙe ɗan wake kada ya narke a tukunya. Ina wani abin gwangwani da zai yi wannan aiki a wannan farashi?

Amma sarauniyar siton ita ce daddawa, kuma a kanta ba na karɓar gardama. Dubi wahalar da ake sha kafin ta zo hannu. Da bazara ake kaɗo ɗorawa daga itatuwan da manoma suka ƙi sarewa a tsakiyar gonakinsu, yara su shanye garin, a ware kalwa. A dafa kalwar nan dare guda cur, a surfa, a wanke ta har ɓawon ya fita, a sake dafawa, a zuba a kwando a lulluɓe kwana biyu zuwa uku sai ta ruɓa ruɓar da ake so. Sannan a kirɓa, a mulmula, a baje, a shanya. Masu yamutsa fuska saboda warinta, ina roƙonku ku jira ta shiga tukunya. Da ta haɗu da albasa da barkono da ɗan man shanu, warin nan sai ya juye ya zama ƙamshin da ke sa maƙwabci ya leƙo gaisuwar da ba ta da dalili. Miyar da ba nama, daddawa ce ke rufa mata asiri. Ban ce a jefar da Maggi ba, kowa yana sa shi, amma ɗanɗanonsa a baki yake tsayawa, na daddawa kuwa har cikin jiki ake jin sa. Ba mu kaɗai muka gane ba: Yarbawa suna da tasu mai suna iru, mutanen Mali da Burkina Faso suna da sumbala, duk daga itacen nan guda. Yanzu ana yin ta waken suya, tana da sauƙin kuɗi, ba ta da laifi, sai dai ta kalwa daban take.

Sai kauɗa, wato busasshen tumatir, wadda 'yan birni suke rainawa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ke shayar da Kadawa da Kura da Bunkure, kuma da rani tumatir yana yi wa kasuwar Kwanar Gafan yawa har kwando ya rasa mai tayawa. A lokacin ne mai dabara take saye, ta yanyanka, ta shanya, ta haɗa da tattasai da attaruhu. An ga amfanin haka a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, ɗanyen tumatir ya gagari talaka. Gidan da yake da kauɗa bai fasa cin shinkafa da miya ba. A jiƙa ta da ruwan zafi, a markaɗa da albasa, a soya sosai da man gyaɗa, wallahi sai an gaya maka. Aibinta ɗaya, ita da busasshiyar kuɓewa: wadda aka shanya a bakin titi tana zuwa da yashi da ƙura. Shi ya sa na fi yaba wa masu shanya tasu a kan tabarma, bisa rufin ɗaki.

Wake kuma shi ne naman gidan, sai dai ƙwari sun fi mu son sa. A nan ma an iya. Tsofaffi suna cuɗa shi da toka ko busasshen barkono, na yanzu kuma su cika jarka taf su toshe bakinta, ko su sa a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ake kuma yin sa a nan Kano. Hikimar jarkar da buhun ɗaya ce, a hana ƙwaron iska sai ya mutu da kansa. Ya fi zuba maganin ƙwari nesa ba kusa ba, irin gangancin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Sauran 'yan rakiyar ma ba na wasa ba ne. Kanwa don wake ya nuna da wuri, kuɓewa ta yi yauƙi. Tsamiya don kunu, musamman da azumi. Ƙuli-ƙuli don kwaɗon zogale da rama da yajin garau-garau. Citta da kanumfari da masoro da kimba a ƙulle guda, gishiri da manja a gefe.

Sau biyu a 'yan shekarun nan aka gwada wannan tsari, ya kuma ci jarrabawa. A kullen korona na Afrilun 2020 an rufe kasuwannin Kano. A farkon 2023 kuma, da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na cefane a aljihu. Uwargidan Yako ta ɗebi masara ta kai inji, ta ɗauko kuka da daddawa da barkono daga kan kanta, kafin magariba tuwo ya sauka.

Ga mai son ya fara nasa tanadin: masara da wake a saya daga Nuwamba zuwa Disamba, kuka da kuɓewa a ƙarshen damina, kauɗa a Fabrairu ko Maris, daddawa kuma bayan an sauke ɗorawa, a wurin matar da ta yi ta da hannunta.